Warƙar da Ta Kwana a Liba

Yaran da ke zuwa shagonmu yanzu yawancinsu ɗalibai ne daga Aliero, kowa da kwamfutarsa a jaka. Makon jiya wata ta zauna kusa da ni, ta nemo darasi a intanet, ta kwafo layuka goma sha biyu, ta danna, abu ya yi. Ta juyo tana dariya, ta ce, "Anti Saratu, wai ɗan abin ga ne kunka yi shekara uku kuna koyo?" Ban amsa mata ba a lokacin, domin akwai mai jiran takardarsa. Amsar ce nake rubutawa yanzu. Ban kai shekara talatin ba, amma a wannan sana'a wanda ya kusa shekara goma ya zama tsoho.

Aikinmu shi ne rubuta wa kwamfuta gajerun umarni, layi bayan layi, don ta yi da kanta aikin da zai cinye wa mutum kwanaki. Na fara ne ina da shekara goma sha tara, lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da wuce shekara goma ba. Shagon yana bayan tashar mota a Jega, tsakanin mai faci da mai tsire. Kwamfuta biyu ce a ciki, ɗaya tana aiki, ɗaya ana cire mata kaya ana gyara 'yar'uwarta. Akwai na'urar buga takarda mai ƙara kamar ana keta yadi, da ƙaramin janareta wanda sai an lallashe shi. Wuta kuwa baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwanta.

Mai shagon shi ne Malam Isiyaku, tsohon malamin lissafi, ɗan wani babban malami a Jandutsi. An kai ni wurinsa ne don in koyi buga takardu kawai. Watana huɗu ina buga wasiƙun neman aiki da katin ɗaurin aure, sai ya dawo daga Legas da littafin.

Ba shi da bango. A kasuwar gwanjo ya tsince shi, har yau ban san sunan wanda ya rubuta shi ba. Ya fi shafi ɗari biyar, da Turanci, yana koyar da yaren kwamfuta da ake kira Perl. Ruwa ya taɓa cin gefensa, kyankyasai sun ci lambobin shafi da yawa, kuma yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. A duk ƙasar nan tamu, daga Aliero har Maiyama, ban ji labarin wani irinsa ba. Masu son koyo kuma mu uku ne: ni a Jega, da Nafi'u wanda ke aiki a wani kantin magani a Aliero, da Basiru, malamin firamare a Liba ta ƙasar Maiyama. An gwada ɗaukar hotonsa a injin kwafi, takardar ta fito baƙa-baƙa, ƙananan alamomin da su ne ran aikin suka narke.

Ranar da Malam ya ɗauko reza ina tsaye a kansa.

"Malam, mi za ka yi mai?"

"Kwance shi za ni yi."

"Littafin da ka ɗauko tun daga Ikko?"

"Ke, Saratu, gidanmu akwai littafi ya hi ɗari, ba guda da anka ɗinke. In an ɗinke, mutum guda ka karatu, saura na hamma. Riƙe min nan."

Na riƙe, ya bi zaren da reza a hankali kamar mai fiɗa. Ya raba shi warƙa-warƙa, wato takarda ɗaiɗai, ya haɗa su dami-dami, goma sha shida-goma sha shida, ya zuba a gafakar fata irin wadda mahaifinsa ke ajiye littattafai. Sannan ya yi kwana uku yana wani aiki da ya gada. A ƙasan bayan kowace warƙa, can a kusurwa, ya rubuta da biro kalmar farko ta warƙar da ke bi mata. Haka malaman zaure ke yi don kada takardu su rikice. Idan ka kai ƙarshen warƙa, kalmar nan za ta gaya maka wadda za ka nema.

Daga nan littafin ya zama matafiyi. Duk ranar kasuwar Jega, direba Ɗan Ige yakan zo da damin da Basiru ya gama, ya karɓi nawa. Na Nafi'u kuwa a motar albasa yake zuwa, sai takardun su yi mako suna sa ni hawaye. Kowa na da dami ɗaya na mako ɗaya. Ka kwafe abin da za ka iya a littafin rubutu, ka haddace saura, ka sallama. Wani lokaci babi na bakwai ya riga na biyar zuwa, ka karanta amsa ba ka san tambayar ba. Ina jin littafin kamar gari ne da nake shiga ta taga, yau wannan ɗaki, gobe wancan, ban taɓa ganinsa daga ƙofa ba.

Ku da kuke dannawa sau hamsin har abu ya yi, ba ku san gwajin gwangwani ba. Mai yana da wuya, Malam ba ya tada janareta don mai koyo. Sai mu rubuta umarnin a takarda, mu jera gwangwanayen madara a kan tebur, kowane da suna a jikinsa, mu kawo wake. Ni ce kwamfuta. In karanta layi, in zuba wake uku a wannan, in kwashe biyu daga wancan, in koma sama idan layin ya ce a koma. Malam na zaune yana cin goro, ba ya cewa komai har sai na ɓata. Sai ya ce, "Na'ura ba ta da kunya, ba ta da tausai. Abin da kic ce shi za ta yi, ba abin da kika nuhi ba." Sai wake ya fito daidai sau uku sannan a tada inji, a ba ni rabin sa'a.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ya faɗe ta har ta gundure mu: kada a taɓa na'ura da babin da ba a kai ƙarshensa ba.

Aikina na farko da ya fita waje na wani mai shirya biki ne. Ya zo da sunayen mutum ɗari uku da wani abu, yana son kowane kati da sunan mai shi a kai. Da hannu aikin kwana uku ne. Na rubuta layi ashirin da biyu, na yi musu gwajin wake kwana biyu, na danna. Na'urar buga takarda ta kama kuka, katuna na fita ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunansa, babu mai taɓa ta. Mai tsire ya leƙo da wuƙa a hannu ya ce, "Wa ka buga ta?" Na ce ba kowa. Ya ce, "A'uzubillahi," ya koma. Bayan wannan sai makarantu suka fara kawo sunayen ɗalibai a jera musu, masu haɗa ayarin tafiya suka fara kawo nasu. Ana cewa akwai yarinya a bayan tasha da ke sa inji ya yi aiki ita tana zaune. Ba su ga waken ba.

A shekarata ta uku Kaka Manu ya zo. Ƙanen kakata ne, maɗori daga Sabiyal, wanda ake kawo wa karaya daga garuruwa masu nisa. Ya haura tamanin. Ya shigo da sandarsa ranar kasuwa, ya dubi kwamfutar, ya dube ni.

"Amarya, an ce kin yi sabon miji mai ido guda."

"Ya fi ka, tsoho. Shi ba ya mantuwa."

Wasa na yi irin na jika da kaka, amma bai yi dariya ba. Ya zauna a benci, ya ce wa Malam ya ba mu wuri. Da Malam ya fita ya ce, "Abin da yak kawo ni ke nan. Kaina ya hwara yoyo."

Ya ce shekaranjiya an kawo masa yaro da gocewar gwiwar hannu, ya ɗora hannu ya gyara, domin hannu bai manta ba. Amma da ya zo faɗin kwanakin da za a yi kafin a kwance karan ɗorin, da abin da yaron zai bari na ci, sai ya tarar da wurin fayau. Ɗansa Umaru ya iya hannu, amma yana yawon albasa, bai taɓa zama ya ɗauki bayanin ba. Abin da Kaka ya karɓa daga ubansa, uban daga nasa uban, yana cikin kai guda, kan kuma yana zuba. Yana son ya faɗa in buga, in an gama a fitar da takarda ɗaya tak a ba Umaru.

Ya kafa sharaɗi. "Sirrin gida na. Ba ki rubuta shi ga takarda, ba ki sa shi ga ɗan faifan nan da ku ka yawo da shi. Wuri guda za shi zama. Kar ki yi mai ɗan'uwa." Ya sa na yi alkawari. Malam da ya ji ya girgiza kai, ya ce abin da ba shi da kwafi kamar babu shi ne. Kaka ya ce to shi ma ba shi da kwafi, ga shi ya kai tamanin. Haka aka bar maganar.

Wata bakwai muna yi. Duk ranar kasuwa ya biyo motar albasa, ya zauna, ya rufe ido, ya faɗi abin da ya zo masa. Ba a jere yake zuwa ba. Yau ƙashin cinya, sai haƙarƙari, sai ya koma cinya. Nakan fara kowane bayani da sunan gaɓar, sannan maganarsa yadda ya faɗa: yadda ake ji da yatsa, tsawon karan da za a yanka, kwana nawa, abin da ake shafawa, abin da ke nuna a daina a kai asibiti. Wani lokaci ya tsaya tsakiyar magana ya ce, "Tahi da wanga tukuna, sauran na bisa hanya." Sauran ya zo bayan mako biyu. Muryarsa idan yana faɗa ba irin ta wasa ba ce, tana sauka ƙasa-ƙasa kamar ruwa a rijiya. Muka tara bayani ɗari biyu da goma sha ɗaya a fayil guda, a cikin kwamfuta guda.

A watannin ƙarshe abin ya ragu. Yakan zo ya zauna sa'a guda bai kawo ko ɗaya ba. Ran nan ya ce, "Shi ke nan, amarya, randa ta ƙare. Abin da ad da saura shi na ki jera min shi, daga ƙoƙon kai zuwa ɗan yatsan ƙahwa, yadda baba yak koya min. In an jera ki karanta min in ji, tun ina gane nawa."

Wannan ita ce shekarar da ba ta yi mana kyau ba. Damina ta yi nauyi, rufin shago ya fara ɗiga, muka ɗora kwamfuta a kan bulo. Malam ya samu aiki a Birnin Kebbi, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Nafi'u ya bar koyo ya tafi kudu. Littafin ya rage tsakanina da Basiru, kuma babin da nake buƙata, wanda ke bayanin buɗe fayil da rubutu a cikinsa, ya faɗo a tsakanin dami biyu. Rabin farko yana hannuna. Rabi na biyu yana Liba.

Ranar kasuwa Ɗan Ige ya zo hannu wofi.

"Ina saƙona?"

"Malam Basiru ya ce a ba ki haƙuri. Takardun na cikin kabad ɗin makaranta, an yi hutu, hedimasta ya tahi garinsu noma da makulli."

"Ba a iya ɓalle kwaɗon?"

"Kabad ɗin gwamnati? Ke, kina son a kore shi? Sai an dawo hutu."

Hutun mako shida ne. Na jira mako biyu. A mako na biyu Umaru ya zo shi kaɗai, ya ce tsoho ba ya iya hawa mota, kuma jiya ya kira shi da sunan ƙanen shi tsohon, wanda ya rasu tun suna yara. Ya ce, "In akwai abin da za a karanta mai, a yi shi kwanan ga."

Na ɗauko damin da ke hannuna na sake karantawa. Warƙar ƙarshe ta nuna yadda ake buɗe fayil don karantawa, da yadda ake buɗe shi don rubutu. Misalin ya cika, babu abin da ya yi kama da gutsure. A kusurwar ƙasa, da biron Malam, ga kalmar farko ta warƙar da ke Liba. Kalmar Turanci ce mai nufin gargaɗi. Na gan ta. Ba zan ce ban gan ta ba. Na ce a raina irin gargaɗin nan ne da littafin ke yawan yi a kan na'urorin da ba irin tamu ba.

Da hannu ma ana iya jerawa, a yanko a liƙa, amma aikin kwana huɗu ne da janareta, man da ke akwai kuma bai kai na yini ba. Wannan gaskiya ne. Wata gaskiyar kuma ita ce ina son in ga abin ya jeru da kansa, daga kai zuwa ƙafa, cikin ƙiftawar ido.

Na rubuta layi talatin da ɗaya. Na yi gwajin gwangwani sau uku, wake ya fito daidai, domin jerawar ba ta da aibi. Amma gwangwani ba ya nuna abin da ke faruwa da fayil. Saboda alkawarin kada a yi masa ɗan'uwa, na tsara a karanta daga fayil ɗin a mayar da jerarren a cikinsa. Kuma saboda son tsabta, na tara layukan buɗewa duka a sama: buɗe don rubutu, sannan buɗe don karatu.

Da hantsi ne, ruwa ya ɗauke, mai faci yana buga ƙarfe. Na tada inji, na yi bisimilla, na danna. Bai ɗauki daƙiƙa ba. Allon bai yi ƙorafin komai ba. Na buɗe fayil ɗin don in ga ƙoƙon kai a sama.

Fari ne fat. Sunansa na nan, cikinsa babu ko ɗigo.

Abin da ke rubuce a warƙar Liba, wanda na karanta daga baya, layi uku ne. Idan ka buɗe fayil don rubutu ta wannan hanya, na'ura tana fara share duk abin da ke ciki tun kafin ka rubuta komai. Kamar ka ce wa ɗalibi za a yi sabon rubutu, ya tashi ya wanke allon, sannan ka ce ya karanto maka na jiya.

Kuskure na biyu ya fi na farko, shi ne nake son ku riƙe. Na rufe na buɗe, na kashe na kunna. Sannan na zauna na fara buga duk abin da na tuna, da sauri, a cikin fayil ɗin nan, ina adanawa bayan kowane layi don tsoro. Kwana uku ina yi, na ƙarar da man, na sayo wani. Da Malam ya zo ƙarshen wata na gaya masa, bai yi faɗa ba. Ya tambaya, "Kin sake rubutu a kai?" Na ce e. Ya zauna a kan bulo. Ya ce da na kashe injin nan take ban ƙara taɓa shi ba, akwai wani a Sakkwato da wataƙila ya iya tono abin, domin sharewar farko ba ta cika kai wa can ciki ba. Rubutun da na yi ta yi a kai shi ne mai yiwuwa ya binne shi. An kai injin duk da haka. Aka samo gutsattsarin layuka, rabin kalma nan, rabi can.

Abin da na iya tunawa cikakke, wanda zan rantse a kansa, bayani talatin da huɗu ne.

Na tafi Sabiyal da kaina. Hanya duk taɓo, gonakin gero sun rufe gari. Na same shi a zaure a kan buzu, an jingina shi da bango. Ya gane ni.

"Amarya! Mijin naki ya sake ki?"

Na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Dut?"

"Saura talatin da huɗu, Kaka."

"Cikin nawa?"

Na faɗa.

"To. Ni nic ce kar a yi mai ɗan'uwa." Ya gyara zama. "Ɗauko takarda. Yanzu ko ga bango kika so ki rubuta. Mu hwara daga kai."

Ya rufe ido. Na jira da biro. Kaji na tono a ƙofar zaure. Ya ce, "Ƙoƙon kai, in yaro ya hwaɗo daga bisa..." Ya tsaya. Leɓensa na motsi. Can ya buɗe ido ya ce, "Yana bisa hanya."

Na yi ta zuwa duk mako har kaka ta yi. Mun samu tara. Abin da ban shirya masa ba shi ne wannan: a zuwana na uku, ina shiga ya ce, "Amarya, an jera? Karanta min." Ya manta na gaya masa. Na sake durƙusawa na sake faɗa. Ya sake kallon hannunsa, ya sake cewa, "Dut?" Haka a zuwa na huɗu, haka a na biyar. Umaru ya ja ni gefe ya ce in daina, in ce masa an jera, in karanta abin da ke akwai, ba zai gane ba. Na gwada sau ɗaya. Na karanta arba'in da ukun nan daga kai zuwa ƙafa. Yana saurare ido rufe, yana gyaɗa kai. Da na kai ƙarshe ya ce, "Kin tsallake kahwaɗa. Kin tsallake ƙugu. Wa yac ci tsakiyar mutumen?" Ban ƙara yi masa ƙarya ba.

Takardun Liba sun iso mako guda bayan an koma makaranta. Ɗan Ige ya shigo da fara'arsa, ya ajiye damin a kan tebur, ya ce, "Ga amanarki, ko ƙwarzane babu. Ki ce ban iya riƙo ba!" Na gode masa. Na kwance igiyar. Warƙar farko, kalmar farko, ita ce wadda Malam ya rubuta a kusurwa, an buga ta da manyan baƙaƙe, an kewaye ta da layi don kada mai karatu ya wuce bai gani ba. Tsakaninta da misalin da na bi, a littafin da ke ɗinke, faɗin yatsa biyu ne. A wurinmu tafiyar mota ce da hutun mako shida.

Kaka Manu ya rasu kafin damina ta zagayo. Masu kawo aiki sun ragu a shekarar, domin labari ba ya zama a bayan tasha. Na koma buga wasiƙu da katin biki kusan shekara guda kafin na sake rubuta wa na'ura umarni. Malam ya karɓo dukan damin, ya kai wa wani baduku a kasuwa ya ɗinke su da zaren fata. Warƙa goma sha ɗaya sun ɓace a yawon shekara uku, ba mu san inda suka faɗi ba. Ya ba ni littafin ya ce in ajiye. Yana nan a ƙarƙashin teburin da kuke ɗora jakunkunanku.

Ba na cewa ku koma gwangwani da wake. Yanzu littattafai sun yi yawa, kyauta, kowane da bangonsa, kuma ina murna da haka. Amma ina kallon yadda kuke karatu. Kuna nemo layukan da kuke so, ku kwafe, ku rufe shafin. Ba ku sauka ƙasa. Ba wanda ya yanka muku littafi, ku ne kuke yanka shi da kanku, kullum, kuna ɗaukar warƙa ɗaya kuna barin mai bi mata. Shi ya sa duk wadda ta zo koyo wurina nake sa ta abu biyu kafin ta danna komai: ta karanta har inda babin ya ƙare, kuma ta yi wa fayil ɗin ɗan'uwa, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba. Idan bai yarda ba, ta mayar masa da aikinsa.

Umaru ya bar albasa, shi ke zaune a zauren yanzu. Takardar arba'in da ukun tana cikin aljihunsa, ta yi laushi kamar tsumma. Abin da ba ya ciki, yakan ce a wuce asibiti, kuma yana yawan faɗin haka. Yakan biyo ta shago ranar kasuwa ya tambaya ko na tuno wani. Wani lokaci, ina tsakiyar buga wasiƙar wani, muryar tsohon takan taso min ƙasa-ƙasa, da 'yan kalmomi, sai in yi maza in rubuta a gefen takarda.

Watan jiya na samu ɗaya mai tsawo, a kan ƙugun ƙaramin yaro. Na tuna yadda ake kwantar da shi, da inda ake sa babban yatsa, da tsawon karan. Na miƙa wa Umaru. Ya karanta a tsaye, a hankali, yana bi da yatsa. Ya juya takardar ya ga bayanta fari.

"Kwana nawa za a kwance?"

"Nan ne bai zo ba."

"Mi ka nuna a bari a kai asibiti?"

"Shi ma."

Ya ninke ta biyu, ya ajiye min a kan tebur, ya danne da gwangwanin da nake zuba biro.

"Riƙe abinki, ɗiyata," ya ce. "In ba ki da ƙarshe nai, kar ki ba ni farko nai."